Wagnerian: yadda sunan wani makaɗin Jamus ya zama sifa a Turanci

Wanda ya saba karanta jaridun Ingila ko na Amurka zai riƙa cin karo da wata kalma a wuraren da ba ruwansu da kiɗa ko waƙa. Guguwa ta kwana tana tumɓuke itatuwa, washegari a rubuta cewa guguwar Wagnerian ce. Babban banki ya durƙushe ya ja dubban mutane ƙasa, a ce faɗuwar Wagnerian ce. Haka ake laƙaba ta wa rikicin gado a gidan attajirai, ko shugaban da ya gwammace ƙasa ta ƙone da shi a kan ya sauka daga mulki. Ma'anarta ta yau ta tattara girman da ya wuce kima, da ƙara, da tsawon da ke gajiyar da mutum, da ƙarewa cikin halaka. An ƙera ta ne daga sunan Richard Wagner, Bajamushen da ya tsara kiɗa da waƙoƙin wasannin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganarsa. An haife shi a Leipzig ranar 22 ga Mayu 1813, ya mutu a Venice ta Italiya ranar 13 ga Fabrairu 1883.

Turai ta yi manyan masu tsara kiɗa da yawa, kuma kusan kowannensu yana da tasa sifar a Turanci: akwai Mozartian, akwai Handelian, akwai Brahmsian. Amma waɗannan duk a zauren kiɗa suke kwana, masana ne kawai ke amfani da su. Ta Wagner kaɗai ce ta tsallake katanga ta shiga bakin ɗan jaridar wasanni da mai sharhin siyasa, har da waɗanda ba su taɓa zama sun saurari aikinsa na minti 10 ba. Abin da ya jawo haka shi ne abin dubawa, kuma a ganina amsar ba ta cikin daɗin kiɗan. Tana cikin rigimar da mutumin ya haddasa.

Sunan kansa ba na sarauta ba ne. Wagner sunan sana'a ne a Jamusanci, mai ƙera amalanke da keken doki, daga kalmar Wagen. Abin da Turanci ya yi shi ne ya manna masa ɗafa-ƙeyar nan ta -ian, wadda ya gada daga -ianus ta Latin. Tun a Rum wannan ɗafa-ƙeya aikinta nuna ɓangaren da mutum yake. Lokacin yaƙin basasar da ya ɓarke a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Kaisar su ne Caesariani, na Pompey kuma Pompeiani. Da ita aka gina sunan da aka fara kiran mabiya Almasihu da shi a Antakiya, Christianoi, wanda ya zama Kirista a bakinmu. Mai jin Hausa ya san irin wannan gini ta hanyar Larabci: daga Shehu Abdulƙadir Jilani aka sami Ƙadiriyya, daga Shehu Ahmadu Tijjani aka sami Tijjaniyya, 'yan siyasar Kano kuma suka ari ƙirar suka yi Kwankwasiyya. A duka biyun, sunan mutum yana samun wutsiya ne a ranar da ya tara jama'ar da za a nuna da yatsa a ce ga mutanensa can.

Ɗafa-ƙeyar tana taɓa furucin sunan ma. Bajamushe yana ɗora nauyin murya a gaɓar farko, yana furta harafin W kamar V. Da aka ƙara -ian sai nauyin ya koma gaɓa ta biyu, wasalinta ya yi tsawo, ana jin kamar vag-NII-riyan. Wannan ɗabi'ar Turanci ce da ba ta tsaya kan Wagner ba; ita ce ta mayar da sunan marubuci Bernard Shaw ya zama Shavian, har da harafin da babu shi a sunan.

Turanci yana da wasu wutsiyoyin da zai iya zaɓa, kuma kowacce da ɗanɗanonta. Akwai -esque da ta biyo ta Faransanci daga Italiyanci, mai nufin abu ya yi kama da salon wane, kamar Kafkaesque. Akwai -ic ta Byronic da Napoleonic. Sai kuma -ite mai asali daga Girkanci, wadda a Ingila ta daɗe tana ɗauke da ƙanshin raini: Jacobite ga masu neman dawo da gidan sarautar Stuart, Luddite ga masaƙan da suka farfasa injuna. Wagner ya sami biyu. Wagnerite shi ne mutumin da ya yi mubaya'a, Wagnerian kuma ta zama sifa, ko da yake ana kiran mabiyin da mawaƙin da ita ma. Jamusawa suna da Wagnerianer, Faransawa suna da wagnérien. Duka sun zauna a rubuce tun mai sunan yana raye, kuma wannan shi ne abin lura na farko: ba bayan mutuwa aka karrama shi da su ba, a tsakiyar faɗa aka ƙera su, galibi a bakin abokan gaba.

Faɗan ya samo asali ne daga Dresden. A watan Mayu 1849 Wagner, wanda a lokacin shi ne jagoran makaɗan fadar Sarkin Saxony, ya shiga boren da aka yi wa sarkin. Boren ya watse, aka fitar da takardar kama shi, ya gudu zuwa Zurich. Shekaru fiye da 10 bai iya taka ƙasar Jamus ba. A wannan zaman gudun hijirar ya koma rubuta maƙaloli da littattafai, yana cewa opera irin ta Italiya da Faransa ta lalace, ta zama kasuwar nuna murya da tufafi, kuma shi ne zai kawo fasahar gobe wadda za ta haɗa waƙa da kiɗa da wasa da zane su zama abu guda. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen sunansa Das Kunstwerk der Zukunft, aikin fasaha na gobe. Masu adawa suka cafke wannan suna suka mayar da shi abin ba'a, duk wani kiɗa da ya yi musu hayaniya a kunne sai su ce ai kiɗan gobe ne. Ka ga ke nan mutane sun san ra'ayin Wagner, sun kuma rabu a kansa, kafin yawancinsu su ji ko da wasa ɗaya nasa.

Haka ya iso Landan a 1855, lokacin da ƙungiyar Philharmonic Society ta gayyace shi ya jagoranci zaman kiɗa 8 daga Maris zuwa Yuni. Ingila a wancan zamani ta Mendelssohn ce, wani mai tsara kiɗa Bajamushe mai asalin Yahudawa. Sun ƙaunace shi yana raye, suka ƙara ƙaunarsa bayan mutuwarsa a 1847. Shi kuwa Wagner ya riga ya ci mutuncin Mendelssohn a wata maƙala ta 1850 a kan Yahudawa da kiɗa, wadda ya fitar da sunan aro, kuma labarin ya riga shi isa Landan. J. W. Davison na jaridar The Times da Henry Chorley na mujallar Athenaeum, manyan masu sharhin kiɗa na garin, suka yi masa ca. Sarauniya Victoria da mijinta Albert sun halarci zaman 11 ga Yuni, sun kuma gana da shi cikin mutunci, amma hakan bai sauya bakin jaridu ba. Ya bar garin cikin fushi, aka kuma ɗauki shekara 15 kafin a saka cikakken wasansa a dandamalin Landan, a 1870, shi ma da Italiyanci aka rera.

Abin da ya faru a Faris ya fi wannan zafi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa domin a nan ne aka ga yadda zama ɗan Wagner yake. A Maris 1861 babban gidan opera na birnin ya saka wasansa Tannhäuser bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, bayan gwaji sama da 160. Al'adar gidan ita ce a sa rawar 'yan mata a kashi na biyu na wasa, saboda 'ya'yan manya na ƙungiyar Jockey Club ba sa zuwa sai sun gama cin abincin dare, kuma rawar ce ke kawo su. Wagner ya ƙi. Ya yarda ya sa rawa, amma a farkon kashi na ɗaya, inda labarin ya buƙace ta. Sai samarin suka zo da usur a aljihu. Ana cikin waƙa su busa, su yi ihu, su kwashe da dariya, mawaƙa su tsaya cirko-cirko a dandamali har hayaniyar ta lafa, wasu 'yan kallo kuma su miƙe suna rama wa Wagner. Bayan dare na uku ya janye wasan. Marubucin waƙoƙin Faransa Charles Baudelaire ya rubuta doguwar maƙala yana kare shi a shekarar, kuma daga wannan zuriyar ce mujallar Revue wagnérienne ta fito a 1885. A Jamus da Austriya ma layi ya riga ya rabu: Liszt da Wagner a gefe guda, Brahms da mai gogen nan Joachim da mai sharhi Eduard Hanslick na Vienna a ɗaya gefen. Ɗalibin kiɗa a wancan zamani dole ya faɗi inda yake.

Wannan ne ya bambanta shi da Handel, wanda in don girma ne kawai, shi ya fi cancanta sunansa ya zama kalmar girma a Turanci. Handel Bajamushe ne da ya zama ɗan Ingila a 1727, kuma a bikin tunawa da shi na 1859 a zauren Crystal Palace na Landan an tara mawaƙa da makaɗa fiye da 3,000 a dandamali guda, adadin da Wagner bai taɓa kusantarsa ba. Amma a lokacin Handel na kowa ne, limamin coci da ɗan kasuwa duk suna rera shi, ba wanda ake zagi don yana son sa. Kalmar da ba a faɗa da ita ba ta yawo. Ta Wagner kuwa kullum tana cikin jarida, yau a bakin mai zagi, gobe a bakin mai yabo, har kunnen wanda bai damu da kiɗa ba ya saba da ita.

Sai dai rigima kaɗai za ta ba kalma ma'anar ɗan ɓangare ne kawai. Ma'anar girma da halaka daga aikin kansa ta fito, musamman daga Der Ring des Nibelungen, wanda ake taƙaitawa da Ring, wato zobe. Ya fara shi a 1848, bai gama ba sai 1874, shekara 26. Wasanni 4 ne da ake kallo a dare 4, jimlarsu wajen awa 15. Labarin daga tatsuniyoyin Jamusawa da mutanen arewacin Turai ya ɗebo shi. Wani wada mai suna Alberich ya sace zinare daga kogin Rhine, ya yi rantsuwar rabuwa da soyayya har abada don ya iya ƙera zoben da ke ba da mulkin duniya. Da aka ƙwace zoben sai ya tsine masa, duk wanda ya riƙe shi ajalinsa ne. Wotan, shugaban allolin tatsuniyar, ya shiga cikin wannan tarko ta hanyar karya alƙawuran da mulkinsa ya dogara a kansu. A ƙarshen dare na huɗu jaruma Brünnhilde ta hau doki ta faɗa cikin wutar da ke ƙone gawar mijinta Siegfried, wutar ta kama fadar allolin, kogi ya yi ambaliya ya karɓe zinarensa. Sunan wannan kashi na ƙarshe, Götterdämmerung, faɗuwar ranar alloli, shi ma ya shiga Turanci da ma'anar rushewar da ba ta barin komai.

Kayan aikin ma haka suke. Makaɗa sun haura 100: masu goge iri-iri 64, ƙahoni 8, manyan garayu 6, har da wani sabon ƙaho da ya sa aka ƙera masa wanda har yau sunansa yake ɗauka. A wani wuri a wasan farko, inda labari ya gangara ramin da wadanni ke bauta, ya rubuta a buga maƙera 18 ta ainihi, irin ta maƙeran ƙarfe. Mawaƙin da zai rera a kan wannan runduna na awa 4 ko 5 ba kowane ba ne. Wata operarsa, Tristan und Isolde, sai da aka yi mata gwaji sama da 70 a Vienna aka haƙura, aka ce ba ta reruwa. Da aka samu aka yi ta a Munich a Yuni 1865, da kuɗin matashin sarki Ludwig na Biyu na Bavaria, mawaƙin da ya fito a Tristan, Ludwig Schnorr von Carolsfeld, ya mutu makonni kaɗan bayan wasa na huɗu yana ɗan shekara 29. Rashin lafiya ce ta kashe shi, amma jama'a suka ce waƙar ce, kuma wannan magana ta bi kalmar. Daga nan aka fara cewa wane mawaƙi Wagnerian ne, ana nufin mai ƙirji da numfashin da zai jure. Wannan shi ne matakin farko da kalmar ta taka daga ɗan ɓangare zuwa siffanta abu.

Bai tsaya nan ba, ya ce babu gidan wasan da ya dace da aikinsa a duk Turai, sai an gina masa nasa. Aka aza harsashi a ƙaramin garin Bayreuth ranar 22 ga Mayu 1872, aka buɗe a Agusta 1876. Sarkin Jamus Wilhelm na Ɗaya ya zo, Sarkin Brazil Pedro na Biyu ya zo, Tchaikovsky da Grieg sun zo suna aika wa jaridun ƙasashensu rahoto. Ba a saba ganin sarakuna sun yi tattaki zuwa wurin makaɗi ba, a da shi ake kira fada. Kuɗin ginin kuwa wani ɓangarensa daga ƙungiyoyin masoya ya fito, waɗanda aka kakkafa a birane, ciki har da ta Landan da Edward Dannreuther ya kafa a 1872. Ka ga mabiya sun sami rajista, da kuɗin shiga, da wurin ziyara. Bikin ya bar bashin kusan mak 150,000 na kuɗin Jamus, abin da ya sake kawo Wagner Landan a Mayu 1877 don ya yi zaman kiɗa 8 a Royal Albert Hall. Wannan karon gari ya juya: jama'a sun yi masa maraba, Sarauniya ta karɓe shi a Windsor. A 1882 aka yi Ring gaba ɗaya a Landan. Zuwa 1898, lokacin da Bernard Shaw ya fitar da littafinsa The Perfect Wagnerite yana fassara Ring a matsayin labarin jari-hujja, inda ramin Alberich ya zama masana'anta, mabiyan sun riga sun karɓi sunan da aka yi musu na raini suna taƙama da shi.

Hoton da ke zuwa zuciyar Bature idan ya ji kalmar, na ƙatuwar mace da mashi da hular ƙarfe, shi ma daga Bayreuth yake. Carl Emil Doepler, wanda ya tsara tufafin wasan 1876, shi ya sa wa wasu 'yan wasan huluna masu fikafikai, wasu masu ƙaho. Mayaƙan Viking na tarihin arewacin Turai ba su sa hula mai ƙaho a yaƙi ba, amma tufafin wasan sun fi binciken masana tasiri a idon duniya.

A nan ne nake ganin kalmar ta yi wa kiɗan rashin adalci, kuma abin yana damuna domin yana hana mutane kusantar sa. Sifa irin wannan hali ɗaya take tsinta daga mutum ta watsar da saura. Wanda ya san Wagner ta kalmar kawai zai ɗauka awa 15 na tsawa ce. Alhali mafi yawan Ring hira ce tsakanin mutum biyu, uba da 'yarsa, miji da matarsa, kiɗan yana tafiya a ƙasa-ƙasa yana faɗin abin da bakinsu ya ɓoye. Dabararsa ita ce ya ba kowane mutum da kowane abu takensa, zobe da nasa, takobi da nasa, tsinuwa da nata, sai taken ya riƙa dawowa yana sauya kama yadda labarin ke sauyawa. Wannan dabara ce ake kira leitmotif, kalmar da ita ma Turanci ya ara. Ginin Bayreuth kansa shaida ne: ya tura makaɗan cikin rami ƙarƙashin dandamali, ya rufe su da murfi, don sautinsu ya tausasa a ji kalmomin mawaƙi, ya kuma sa a rage fitilun zaure don mutane su daina kallon juna.

Akwai kuma abin da ya yi a safiyar 25 ga Disamba 1870 a gidansa na Tribschen, bakin tafkin Lucerne. Matarsa Cosima, 'yar Liszt, tana bikin ranar haihuwarta. Ya tsara mata wani kiɗa a ɓoye, na kayan kiɗa 13 kacal, ya shigo da makaɗan da sassafe ya jera su a kan matakalar bene, wani sama da wani saboda wurin ba faɗi, shi yana tsaye a sama yana jagoranta. Da wannan sauti ta farka. A ciki har da waƙar reno, don ɗansu Siegfried mai shekara ɗaya da rabi. Kiɗan, Siegfried Idyll, yana cikin mafi taushin abin da ƙarni na 19 ya bari, kuma babu mai kiran sa Wagnerian a ma'anar jarida. Haka ma kiɗan da ake yi wa amarya idan tana shiga coci a ƙasashe da yawa, daga Lohengrin yake, wasan Wagner na 1850, amma kalmar ba ta san da shi ba.

Ga mutumin kansa kuwa, ban ga ta zalunce shi ba. Shi ya nemi girman da bakinsa da hannunsa. Ya ci bashin da bai biya ba a gari bayan gari, ya ɗauke Cosima ɗin nan daga hannun mijinta Hans von Bülow, mutumin da ya jagoranci Tristan da dukkan ƙarfinsa, ya kuma ɗauka cewa shi ne ke bin duniya bashi. Mafi muni ita ce maƙalar nan ta 1850. Bai bar ta ta mutu ba, ya sake buga ta a 1869 da sunansa na gaskiya, ya ƙara mata tsawo, yana cewa Bayahude ba zai iya ƙirƙirar fasaha ta gaskiya ba. Wannan ba zamewar harshe ba ce, aƙida ce da ya riƙe har ya mutu, duk da cewa Hermann Levi, ɗan malamin Yahudawa, shi ya jagoranci wasansa na ƙarshe, Parsifal, a 1882. Masanin falsafa Nietzsche, wanda yana cikin baƙin gidan a waccan safiya ta Tribschen, daga baya ya juya masa baya ya rubuta littafi guda a 1888 yana kiran kiɗansa cuta.

An haifi Hitler a 1889, shekara 6 bayan mutuwar Wagner, don haka ba su taɓa haɗuwa ba. Amma gidan Wagner ya buɗe masa ƙofa tun 1923, kuma mutum biyu da suka fi riƙe ƙofar haifaffun Ingila ne: Houston Stewart Chamberlain, marubucin wariyar launin fata da ya auri Eva 'yar Wagner, da Winifred, matar ɗansa Siegfried, wadda ta riƙe bikin Bayreuth daga 1930. Hitler ya mayar da bikin wurin zuwansa na shekara-shekara. A Afrilu 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet na dab da Berlin, ƙungiyar makaɗan birnin ta yi zamanta na ƙarshe kafin faɗuwar gari, kuma cikin abin da ta buga har da ƙarshen Götterdämmerung. Marubutan Ingila da Amurka da suka ba da labarin mutuwar Hitler a ramin ɓuyansa, birni yana ci da wuta a kansa, ba su sha wahalar neman sifa ba. Daga nan ma'anar halaka ta yi nauyin da ba ta da shi a zamanin Shaw, ta zama halakar wanda ya ja kowa ya tafi da shi. A Isra'ila har yau ba a saka Wagner a zauren kiɗa bisa al'ada, ba bisa doka ba, tun daga 1938. Da jagoran makaɗa Daniel Barenboim ya buga wani yanki na Tristan a Ƙudus a 2001, sai da ya yi muhawara da 'yan kallo, wasu suka fice.

Duk da haka mabiyan Wagner ba iri ɗaya ba ne, kuma ba daidai ba ne a bar wa 'yan Nazi shi su kaɗai. Theodor Herzl, uban fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, mai son Tannhäuser ne. W. E. B. Du Bois, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen Amurka wanda ya ƙare rayuwarsa a Ghana, ya je Bayreuth a 1936, ya yaba kiɗan, ya kuma yi tir da abin da ya gani ana yi wa Yahudawa a Jamus. A 1961 jikan Wagner, Wieland, ya ɗauki Grace Bumbry, baƙar fata 'yar Amurka, ta fito a Bayreuth duk da wasiƙun ƙorafin da suka yi ta zuwa, kuma 'yan kallo suka yi mata tafi na kusan rabin awa.

Abin da ya ƙarasa raba kalmar da zauren opera shi ne sinima. Masu tsara kiɗan Hollywood na farko, irin su Max Steiner da Erich Korngold, 'yan Vienna ne da suka tashi cikin wannan al'ada, suka kawo dabarar take cikin fim: jarumi da nasa, mugu da nasa. Duk wanda ya taɓa gane cewa mugu na tafe tun kafin ya bayyana, don kawai kiɗa ya sauya, ya ɗanɗani gadon Wagner. A fim ɗin Apocalypse Now na 1979 kuma aka nuna jiragen yaƙin Amurka masu saukar ungulu suna ruwan wuta a wani ƙauyen Vietnam, lasifika na busa kiɗan Valkyrie, jarumai mata na tatsuniyar, na minti kaɗan daga Ring. Ga miliyoyin mutane wannan ɗan yanki shi ne Wagner gaba ɗaya, kuma shi ne sautin da ke bayan sifar a yau.

Mai sauraron rediyo a Kano ko Maraɗi kuwa ta wata hanya dabam sunan ya iso masa. Rundunar sojojin hayar Rasha da ta ɓulla a gabashin Yukren a 2014, ta kuma shiga Sudan da Libiya da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sannan Mali a ƙarshen 2021, ta samo sunanta ne daga laƙabin yaƙi na kwamandanta Dmitry Utkin, tsohon hafsan sojan Rasha da ke kiran kansa Wagner. Rahotanni da dama sun danganta zaɓin da sha'awarsa ga Jamus ta zamanin Nazi. Utkin ya mutu tare da shugaban rundunar Yevgeny Prigozhin a haɗarin jirgin sama ranar 23 ga Agusta 2023, wata biyu bayan boren da suka yi wa Moscow. Da kafofin labaran Yukren masu fitowa da Turanci suka nemi sunan da za su kira mayaƙan rundunar, ba su ɗauki Wagnerian ba, domin ta riga ta zama sifar guguwa da faɗuwar banki. Tsohuwar wutsiyar 'yan ɓangare suka koma wa, suka riƙa rubuta Wagnerites a rahotannin yaƙin Bakhmut.